Bangon da Ya Sha Ruwan Jego

Ni dillalin kanwa ne, da fata, da dabino idan lokacinsa ya zo. Ba gado na yi ba. Mahaifina manomin gero ne, ni kuwa da jaki ɗaya na fara, ina ɗauko kanwa daga kwari ina kai wa fatake masu tafiya kudu. Sana'ar nan ta koya mini abin da ruwa yake yi wa kaya. Na san fata idan ta bushe motsewa take yi ta rage faɗi. Na san kanwa idan damina ta matso gumi take yi a cikin tabarmar da aka ɗaure ta, ta yi nauyi, ta fara narkewa ta gindi. Ina ɗaga kaya zan gaya maka ko an yayyafa masa ruwa. Duk da wannan sani, abin da ya fi ba ni tsoro a rayuwata ruwa ne ya jawo shi, a cikin gidana, kuma jakaina ne suka yi ta kawo ruwan.

A Gure ne, zamanin Nasara, a shekarun da 'ya'yana suka ce mini na talatin da 'yan kai ne a lissafin boko. Matata tana da ciki na uku. Biyun farko ba su kai arba'in ba. A na biyun ita ma saura kaɗan ta bi ɗan. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta haye, numfashi sai da kyar. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, domin bukkar da ta yi jego a ciki iska tana ratsa ta. Ni ma haka na yarda. Na ƙudura a raina cewa haihuwar gaba a ɗakin ƙasa za ta yi jego, mai rufin azara da ƙyaure, inda iska ba ta da hanya.

Sai dai na makara. Na yi tafiya da kanwa, ban dawo ba sai da rani ya yi nisa, cikin ya shiga wata bakwai. Ƙasar gini mai kyau a gindin duwatsu take, nesa da gidana, ga nauyi, jaki ba ya ɗaukar abin kirki a sawu ɗaya. Kusa da ni kuwa, a bakin kwarin da nake ɗaukar kanwa, akwai wata ƙasa mai laushi, fara-fara, da gajeruwar rijiya wadda ruwanta yake da ɗanɗanon kanwa. Na sa aka kwaso ƙasar, aka kwaɓa ta da wannan ruwan, na zuba ƙaiƙayi da yawa da busasshen kashin jaki don ta yi auki. Ana tattaka ta tana kumfa tana tashi kamar ƙullu. Na ji daɗi, na ga ƙasa kaɗan ta zama mai yawa.

Maginin unguwarmu tsoho ne, abokin mahaifina, Gwani muke ce masa. Ya zo duba tubalin. Ya ɗauki ɗaya da ya bushe, ya jinjina shi, ya karya shi biyu a gwiwarsa. Cikinsa duk 'yan ƙofofi ne ƙanana.

"Dillali, ɗaki ka ce in gina maka, ko waina zan toya?"

"Gwani, ai rashin nauyin nan shi ne amfaninsa. Bango ba zai danne kansa ba."

"Ba nauyi nake tsoro ba. Dubi ƙofofin nan. Ranar da suka ga ruwa sai sun sha sun ƙoshi. Kwana nawa ƙasar ta yi a kwaɓe?"

"Biyu."

"Biyu! Ni tawa sai ta kwana goma ina juya ta. Kuma ka shanya tubalin a tsakar rana kamar kilishi, waje ya bushe kafin ciki ya sani."

Na ce masa ba ni da lokaci. Na yi masa alkawarin yaɓe mai kauri a rufi, da indararo biyu, ruwan sama ba zai taɓa bangon ba. Ya juya ɓarin tubalin a hannunsa.

"Zan gina don darajar ubanka. Amma in an tambaye ka wa ya yi tubalin, ka faɗi gaskiya."

Ɗakin ya tashi da sauri. Aka ɗora azarar goruba daga bangon gabas zuwa na yamma, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa. Na sa aka yi mini ƙyaure da katakon akwatin kananzir, abin da ba kowa yake da shi ba a unguwar. Sai bazara ta shigo da zafinta, bangon ya ci gaba da bushewa yana motsewa. Tsagi ya bayyana a kusurwoyi. Tsakanin bango da itacen ƙofa aka samu wuri har yatsana yana shiga. Ƙyauren ya yi sako-sako, iska kaɗan sai ya yi ta kaɗawa. Na gane abin da nake gani, irin abin da fata take yi ne a rana. Amma ban kira Gwani ba. Na kwaɓa ƙasa da kaina na toshe tsagin, na shafe, na bi da farar ƙasa. Duk wanda ya shigo sai ya ce kai, Dillali, ka yi ɗaki.

Matata ta sauka lafiya a ƙarshen bazara, mace. Kwana biyu sai ga mahaifiyarta daga Kelle a kan takarkari, da ƙatuwar tukunyar wanka da damin ganyen sabara. Ita za ta kula da jegon.

Shekara bakwai ke nan da aurenmu, ban taɓa yi wa surukata magana kai tsaye ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba. Haka muka tashi muka gani. Suruki ba ya kallon fuskar surukarsa, ba ya cin abinci inda take, in ya hango ta a hanya sai ya ratse. Gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa, a amsa mini ta bakin wani. Duk saƙon da ke tsakaninmu yayata ce take kai shi. Gidanta yana bayan nawa.

Surukata ta shiga ɗakin ta duba, aka ce mini ta yaba. Sai ta yanke shawara cewa wannan karon 'yarta ko makewayi ba za ta fita wanka ba, kada iska ta same ta a hanya. A cikin ɗaki za a yi. Ta zaɓi kusurwar gabas, ta sa taɓarya ta huda gindin bango don ruwa ya riƙa fita. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa shi ma a jikin wannan bangon yake. Safe da yamma ana tafasa tukunya, a shigar da ita, a rufe ƙyaure, a yi ta fyaɗa wa mai jego ruwan da ganye har tururi ya cika ɗakin yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Ni aikina itace da ruwa, kuma ban bari an rasa ko ɗaya ba. Idan na ga tururin nan yana fita sai hankalina ya kwanta, in ce wannan karon sanyi bai ga hanya ba.

An yi suna lafiya. A kwana na goma sha biyu na ji yayata tana faɗa da ƙyauren, tana turawa da kafaɗa. Ƙyauren da dā iska take kaɗawa, yanzu yana cijewa a sama. Ta ce tururi ne ya kumbura katako. Na ce haka ne. Amma ƙafata ta kai ni bayan ɗakin.

Daga ƙasa har zuwa gwiwata bangon gabas ya yi duhu, faɗinsa ya kai tsawon mutum kwance. A saman duhun wani farin gari ya fito ya yi layi. Na lakata na ɗanɗana. Kanwa ce. Na dafa bangon, na ji shi da sanyi, alhali rana tana dukansa tun safe. Na danna babban yatsana kusa da hudar, ya shige har gaɓa ta biyu, kamar a tuwon da ya kwana.

Ta cikin bangon ina jin kukan jaririyar, da muryar kakarta tana lallashi. Azara bakwai ne a ɗakin, duka bakwai ɗin kawunansu a kan wannan bangon suke, da duk ƙasar da aka zuba a kansu. Matata da 'yata a ƙarƙashi suke kwana.

Na nemi abin da zan kwantar wa kaina hankali da shi. A shekarar na ga ana aikin siminti a bariki, leburori suna zuba masa ruwa safe da yamma, aka ce da ruwan yake ƙara ƙarfi. Da wannan na je wa Gwani, ina faɗa ina jin kunyar abin da nake faɗa.

"Siminti ka kwaɓa?" in ji shi.

"A'a."

"To tashi mu je."

Ya duba bangon. Akwai ragowar tubali a gefen garka. Ya ɗauki biyu, ya sa na kawo ƙwarya da ruwa kaɗan, wanda bai wuce ya rufe gaɓar yatsa ba, ya tsayar da ɗaya a ciki. Muna kallo duhu ya riƙa hawa jikin tubalin, ruwan ƙwaryar ya ƙare ƙaf. Ya ɗora mini shi a hannun dama, busasshen a hagu.

"Kai ne mai jinjina kaya. Faɗa mini."

Jiƙaƙƙen ya kusa ninka ɗan'uwansa nauyi. Gwani ya ajiye su a ƙasa, ya taka busasshen, ya ɗauke shi bai ko tsage ba. Ya ɗora ƙafa a kan jiƙaƙƙen, bai ma danna ba, ya baje.

"Ga bangonka nan. Da ya bushe ya motse, ya tsattsage ta ciki, ka rufe masa baki da farar ƙasa. Yanzu ruwa yana bin tsagin. Kanwar da ke ciki kuma ba ta barinsa ya bushe, ko an daina zubawa ita za ta jawo laima daga iska. Kai ka fi ni sanin halinta."

"Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, Gwani."

"Bango bai san na sama da na tukunya ba."

"Kwana nawa zai kai?"

"Ban sani ba. Yana iya kai wata. Yana iya zama yau da la'asar. Amma in hadari ya jiƙa rufin nan ya ƙara masa nauyi, ba na ce ya kai sallar gaba ba. A fito da su, a daina wankan a ciki."

Faɗa da sauƙi. Na je wurin yayata na gaya mata duka. Ta dafe ƙirji.

"Kai ƙanena, ka haukace? In shiga in ce wa surukarka ɗakin da ka cika gari da labarinsa ruɓaɓɓe ne? Kuma a fito da mai jego iska, kwana goma sha biyu?"

"Yaya, ki faɗa mata yadda na faɗa miki."

Ba ta faɗa yadda na faɗa ba. Daga baya na ji abin da ta ce shi ne, wai maigidan yana cewa ko za a ɗan rage ruwan wanka. Amsar da ta dawo mini da ita ita ce: "A gaya masa in itace ne ya gagare shi, in aika Kelle a kawo." Ranar an ƙara tukunya ta uku da rana tsaka.

Na sake aikawa, na ce wa yayata ta rantse za ta ambaci bango. Ta ambata. Amsa ta dawo gajeriya: "Jikoki biyu iska ta karɓe mini. Ba zan miƙa mata na uku ba, balle in haɗa da uwar. Bango ai yana tsaye."

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba a lokacin ita ce, ni ma ina tsoron abin da take tsoro. Na ga fuskar matata a wancan karon, na ji irin numfashinta. Idan na sa aka fito da ita ta kumbura ta mutu, bangon kuma ya ci gaba da tsayuwa shekara goma, da wane ido zan dubi mutane, da wane ido zan dubi kaina? Idan na bar ta kuma rufi ya sauko? Kowane ɓangare na juya sai in ga makara. Matata ma ban gaya mata ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa in gaishe ta idan uwarta ta fita wurin murhu, in ga jaririyar daga nesa, in haɗiye maganar, don an ce firgita tana ƙafar da nono.

Na kafa kututturan goruba biyu na tokare bangon ta waje. Gwani ya ce ba faɗuwa gefe zai yi ba, zama zai yi a kan gindinsa, tokara ba ta hana wannan. Na tona 'yar hanya don ruwa ya yi nisa da bango, na zuba yashi. Duhun bai fasa hawa ba, ya kai cinyata. Sai na koma awo, abin da na iya. Kowace safiya ina duba iya inda ƙyauren yake buɗewa kafin ya cije. Ranar farko kamu ɗaya da rabi. Bayan kwana biyu kamu ɗaya. Tukunyar wanka ta daina shiga, surukata ta koma shigar da ruwan da ƙwarya-ƙwarya, tana zagin wanda ya yi ƙyauren.

A kasuwa ina zaune ne kawai. Wani Bamange, mutumin ƙasar Manga, ya kawo mini kanwa, na ɗanɗana sau uku ban san me na ji ba, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Jaki ya yar da kaya a bayana, na miƙe zumbur na nufi gida da gudu, sai da na yi rabin hanya na gane ba ɗakin ba ne ya faɗi. Kwana bakwai na yi a haka, ina da baki, surukar da zan yi wa magana tana tsakar gidana, amma na kasa.

A kwana na goma sha tara, bayan azahar, iska ta tsaya cak, gabas ta yi baƙi. Hadarin farko na shekara. Mutane suna ta murna a kasuwa suna kwashe kaya, ni kuwa na kama hanyar gida. Na iso gida na tarar da Gwani a ƙofa da sandarsa, ba wanda ya kira shi.

"Yanzu, Dillali. Ba anjima ba."

Su uku suna ciki, matata da jaririya da surukata, an shigar da ruwan wanka ke nan. Na tura ƙyauren, ya buɗe bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, ya tsaya. Na waiga na ɗauko gatarin faskare. Gwani ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kada ka taɓa shi! Dubi sama."

Itacen saman ƙofa ya lanƙwasa ya zauna a kan ƙyauren.

"Katakon nan ne yake taya bangon ɗaukar kaya yanzu. Ka cire shi, ka rufe su da hannunka. Ta nan za su fito, a hankali, kada kowa ya jingina."

Yayata ba ta nan, ta tafi rijiya. Ba wanda zan aika. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin ƙofar, tururi yana dukan fuskata.

"Inna."

Ɗakin ya yi tsit. Ko motsin ruwa babu.

"Inna, ni ne."

Sai na ji muryarta, ba da ni take ba, da 'yarta take: "Ki gaya wa mutumin nan akwai mata a ɗaki."

"Inna, ki yafe mini, na san abin da na yi ba a yi. Tubalin ɗakin nan ni na yi shi, kuma ban yi shi daidai ba. Ki ɗauki muciyar kunu ki soka a gindin bango, kusa da inda ruwa yake fita. In ba ta shiga ba zan tashi, ba za ki ƙara jin muryata ba har abada."

Iska ta fara tasowa, zanar tsakar gida tana kaɗawa. Ina kallon itacen saman ƙofa, wani siririn gari yana zubowa daga gefensa bai tsaya ba. Sai na ji takunta, na ji ta sunkuya. Ban ji ƙarar muciya a jikin bango ba, domin babu abin da ta daka. Abin da na ji shi ne, "Innalillahi."

Matata ta yi magana da ƙaramar murya: "Inna, kwana huɗu ke nan ƙasa tana zubo mini a fuska. Da zanena nake rufe yarinyar. Na yi shiru ne kada ki ce ina gudun wanka."

Ban san abin da ya gudana a fuskar tsohuwar ba. Abin da na gani hannuwa biyu ne sun fito ta tsagin ƙofa, jiƙe, riƙe da jaririya a naɗe. Ba ta nemi wanda za ta ba ya ba ni ba. Na karɓa, na miƙa wa Gwani, ya rungume ta ya ja da baya.

Matata ce ta biyu. Uwar ba ta bar ta ta fito ba sai da ta lulluɓe ta da zane uku da bargo har kai, ina jin tana ɗaure mata, ni kuwa ina cewa a raina ku yi sauri, ku yi sauri. Da bargon ba za ta wuce ba. Gwani ya ce a miƙo shi daban. Ta juya ta gefe ta matso, kafaɗarta ta goga ƙyauren, wani abu ya yi ƙara a sama, ƙas, ƙasa ta zubo mana a kai. Duk muka daskare. Babu abin da ya biyo baya. Ta ƙarasa fitowa, na rufa mata bargon.

Saura surukata, kuma mace ce mai jiki. Ta sako kafaɗa ɗaya da kai, ta maƙale. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Duk numfashin da ta ja sai na ga ƙyauren ya motsa.

"Hajjaju, saki numfashi duka, ki riƙe," in ji Gwani. "Dillali, kama ta. Ja a miƙe, kada ka karkata."

Na tsaya. Wallahi ko a wannan halin sai da na tsaya.

"Kama ta, don ubanka!"

Na kama damtsen surukata da hannu biyu na ja. Zanenta ya yage a jikin katako, ta fito, muka zube tare a ƙasa. Ta tashi ta gyara ɗaurinta, ta juya mini baya, ta karɓi jikarta daga hannun Gwani.

Muka kai su tsohuwar bukka, wadda aka yi jegon baya a cikinta. Na kewaye ta da duk tabarmin da nake ɗaure kanwa da su, ninki biyu, aka hura wuta a ciki.

Hadarin kuwa ya watse. Iska ta yi ta yi, aka ɗan yi yayyafin da bai kwantar da ƙura ba, rana ta fito. Ɗakin yana nan tsaye, fari tas.

Kwana biyun da suka biyo baya sun fi mini na baya wuya. Labari ya zaga unguwa cewa na ja surukata a ƙasa, na fito da mai jego cikin iska saboda ɗakin da ko tsagewa bai yi ba. Yayata ta ƙi yi mini magana. Matata ta kwana da rawar sanyi, washegari ta tashi da tari. Duk tarin da ta yi ina jinsa daga inda nake. Na sa ido a ƙafafunta duk lokacin da aka ɗaga tabarmar ƙofa, ina duba ko sun fara hawa. Na kai ga tsayawa a gaban ɗakin ina roƙon Allah ya faɗi, don in san ban kashe ta a banza ba. Sai kuma in ji tsoron irin roƙon da nake yi.

A rana ta uku da hantsi, ba iska ba hadari, ina sauke itace daga kan jaki, na ji wani dogon nishi a bayana. Na waiga. Bangon gabas ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, gindinsa ya baje waje, azarar suka zame ɗaya bayan ɗaya, rufin ya bi su ciki da wata irin ƙara mai nauyi da na ji ta a tafin ƙafata. Ƙyauren ya karye biyu. Kututturan da na tokara suna tsaye a wurinsu, ba abin da suka riƙe.

Da muka tona daga baya, azara uku a kan gadon suka sauka. Muciyar tana nan a soke cikin ƙasar har rabinta.

A lokacin dai na zauna a kan itacen da na sauke. Surukata ta fito daga bukka da jaririya a kafaɗa. Ta kalli tulin ƙasar. Maƙwabta sun fara shigowa suna salati. Yayata tana tsaye a kusa, in da saƙo ga mai kai shi. Amma tsohuwar ba ta dube ta ba. Ta kawar da fuska gefe yadda ta saba, ta ce:

"Tarin ya yi sauƙi, ƙafar ma ba ta hau ba. Tashi ka kai mini itacen nan murhu, ruwan wanka bai tafasa ba."

Na tashi na kai.

Matata ta cika arba'in a bukkar nan, ana wankan a bayanta cikin kewayen tabarma, ba ta kumbura ba. Yarinyar ta rayu, ita ce babbar 'yata. Da rani ya zagayo na kora jakaina gindin duwatsu, sawu bayan sawu, Gwani ya sa ƙasar ta kwana goma sha biyu a kwaɓe, tubalin ya bushe a inuwa ƙarƙashin zana. Kafin a ɗora na farko na ɗauki ɗaya na tsayar a ƙwaryar ruwa, na zauna a gabansa har la'asar.